Ganawata da ofishin lauyoyi kan ƙarar da aka janye

Wallahi na shiga ofishin nan raina a ɓace, domin masu gabatar da ƙara sun janye kes ɗin mutumin da ya ji wa ƙanina ciwo, ni kuma so nake kotu ta tilasta musu su ci gaba.

Barista ɗin da ta saurare ni ba ta yi min alƙawarin ƙarya ba, kuma abin da ya sa nake yaba musu kenan. Ta ce Malam, gurfanar da mutum ko janye tuhuma hurumin mai gabatar da ƙara ne, alƙali ba ya zama a kujerarsa don kawai yana ganin da shi ne da ba haka zai yi ba, a ƙasashe da dama sai an nuna mugun nufi ko an take doka ƙarara kafin kotu ta sa baki. Har ta kawo shari'ar Ilori ta 1983 inda Kotun Ƙolin Najeriya ta ce kotu ba za ta binciki antoni janar kan janye ƙara ba, ta ce a Ingila kuma tun 2013 wanda aka cuta na iya neman ofishin masu ƙara ya sake duba matakinsa.

Ya yi min ciwo sosai gaskiya. Amma ta nuna min hanyar neman diyya ta ƙarar farar hula, ta kuma rubuta mana takardar koke.

Matsalarsu ɗaya jira, na fi awa biyu a zaune, waya ma ba sa ɗauka da wuri.