Maganin tsinka jini ga mai rikicewar bugun zuciya: wanne za a karɓo wa Baba a Saudiyya?

Idan likita a Makka ko Jidda ya duba takardar awon zuciya ya ce "rajafan", ko ya rubuta AF, abin da yake nufi shi ne ɗakunan sama na zuciya sun daina matsawa a tsare, karkarwa kawai suke yi. Sai jini ya riƙa kwanciya a wani ɗan lungu na ɗakin hagu, ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai wannan ciwo ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar. Likita zai duba shekaru, hawan jini, ciwon sukari, raunin zuciya da ko an taɓa samun shanyewar jiki, sannan ya rubuta maganin tsinka jini. Shi ne mai yanke hukunci, amma ɗan da zai riƙa zuwa saidaliyya duk wata ya kamata ya san abin da zai tambaya.

A ganina apixaban, wanda aka fi sani da Eliquis, shi ne kan gaba ga yawancin iyayenmu. A binciken ARISTOTLE da aka wallafa a 2011, an gwada shi da warfarin, tsohon maganin tsinka jini, a kan mutum 18,201. Shanyewar jiki da toshewar jijiya sun ragu da kashi 21 cikin ɗari, zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 31, mutuwa da kashi 11. A cikin manyan binciken da aka yi wa sababbin magungunan nan, babu wanda ya haɗa waɗannan ukun a lokaci guda sai shi. Ba ya buƙatar gwajin jini na INR, wato awon saurin daskarewar jini da ake yi wa mai shan warfarin, ba ruwansa da irin miyar da aka ci, ana iya shan sa da abinci ko babu, ana ma iya niƙa shi a dama da ruwa idan haɗiya na yi wa tsoho wuya. Abin da ya fi ɗaga darajarsa a wurina shi ne ƙoda: kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke fita ta ƙoda. A ƙasa mai zafi irin wannan, inda dattijo zai yi ɗawafi da sa'ayi bai sha ruwan kirki ba, ƙoda na iya raunana cikin kwana biyu, maganin da ya dogara da ita sai ya taru a jiki.

Ana shan miligiram 5 safe da yamma. Ana rage shi zuwa 2.5 idan mutum ya cika biyu daga cikin uku: ya kai shekara 80, nauyinsa kilo 60 ne ko ƙasa, ko kiriyatinin ɗinsa (awon aikin ƙoda a gwajin jini) ya kai 1.5, wato 133 a ɗaya ma'aunin. Biyu, ba ɗaya ba. Ana yawan ba Hajiya ƙaramin awo saboda tausayi, wai ta tsufa, sai a bar ta da rabin kariya. Aibinsa kuwa sau biyun nan ne. Ƙarfinsa na raguwa da rabi cikin kimanin awa 12, don haka wanda ya tsallake kwana guda cur ya koma kusan kamar bai sha ba. Idan an manta aka tuna cikin awa shida, a sha; idan an wuce, a jira na gaba, kada a haɗa biyu. Da azumi akan sa ɗaya a buɗa baki ɗaya a sahur, amma a tsara hakan da likita tun cikin Sha'aban.

Rivaroxaban, wato Xarelto, sau ɗaya ne a rana, miligiram 20, kuma dole sai da abinci sosai, ba shayi da dabino uku ba, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa yadda ya kamata. Yana kuma ƙara wa mata yawan jinin al'ada. Dabigatran, wato Pradaxa, kashi 80 na fita ta ƙoda, yana kawo ƙwannafi, ba a ciro shi daga katinsa a zuba a akwatin magani na mako saboda laima na ɓata shi. Edoxaban ba shi da laifi, sai dai a tabbatar ana samun sa kusa kafin a fara. Aspirin kuwa a cire shi daga lissafi: a binciken AVERROES na 2011 apixaban ya rage shanyewar jiki fiye da rabi a kansa, zubar jinin kuma kusan ɗaya.

Warfarin na da wurin da ba mai ture shi. Wanda aka sa wa bawul (ƙofar da jini ke bi) na ƙarfe a zuciya, da wanda bawul ɗinsa na mitral ya tsuke sosai sakamakon ciwon maƙogwaro da gaɓɓai na ƙuruciya, shi ne nasu. Binciken INVICTUS na 2022, da aka yi a kan mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna masu irin wannan ciwon bawul sun fi mutuwa a kan rivaroxaban fiye da a kan warfarin da danginsa. Mutanenmu da suka taso a ƙauyukan Najeriya ko Nijar ko Sudan suna da yawa a wannan rukuni, don haka a yi hoton zuciya na eko kafin a zaɓi komai. Warfarin yana da arha, amma sai an riƙe INR tsakanin 2 da 3 ga yawancin mutane. Ba a hana zogale, lalo ko alayyafo ba. Abin da ake so kada a yi mako ana miyar ganye kullum sannan a yi wata ba a taɓa ba. A kula da launi: a tsarin Ingila ƙwaya mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a tsarin Amurka kuwa mai ruwan hoda miligiram 1 ce. Lamba ake karantawa. Mai ciki kuma ta gaya wa likita tun farko, don allura akan koma.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Maganin tsinka jini na jabu ba ya nuna kansa. Maganin ciwon kai in bai yi ba za ka sani kafin la'asar. Wannan kuwa sai ranar da baki ya karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci, kuma magani mai tsada da ake sha har abada shi 'yan damfara suka fi so. Kada a sayi ƙwaya a leda, ko kati ba kwali, ko a hannun mai tallar WhatsApp da zai ce "daga Dubai aka kawo, rabin kuɗi". Kada a karɓi ragowar maganin mamaci. A saya a saidaliyya mai lasisi da takardar likita, a karɓi rasit. A duba cewa lambar rukuni da ranar ƙarewa da ke kan kwali su ne a kan katin ciki. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya na da manhajar Tameni da ake duba rajistar magani da farashinsa. Abin da aka sayar ƙasa da wannan farashi nesa ba kusa ba, akwai lauje cikin naɗi. Eliquis na miligiram 5 ruwan hoda ne, mai ɗan tsawo, an buga 894 a gefe ɗaya, na 2.5 rawaya ne, zagayayye, da 893. Apixaban na wasu kamfanoni kamanninsa daban ne, kuma ba laifi muddin yana da rajista.

Masu aika wa iyaye gida ta hannun alhazai da 'yan Umara su ba da shi a jakar hannu, cikin kwalinsa. Kwalin da ya wuni a cikin mota a ranar Makka ya wuce digiri 30 da aka yarda a ajiye shi.

Sai masu haɗe-haɗen zuma da habbatus sauda da ke cewa nasu "na wanke jini" ne, a ajiye na asibiti. Mai son zumarsa ya sha, amma duk wanda ya ce a daina maganin likita a guje shi. Ƙaho ma, da yake ruwan dare a nan, ba a yin sa sai an tambayi likita, haka cire haƙori. Ibuprofen da diclofenac da ake saya wa Baba saboda ciwon gwiwa suna haɗuwa da maganin su fasa ciki, a tsaya kan paracetamol. Maganin tarin fuka rifampicin da na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin suna karya ƙarfin apixaban da rivaroxaban, a faɗa wa likita idan ana shan su.

A gwada ƙoda da yawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, fiye da haka ga wanda ya haura 75. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10, ko faɗuwa a buge kai, duk na gaggawa ne. Idan baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa, nan take, a duba agogo, a ɗauki kwalin maganin, don likita zai tambayi ƙarfe nawa aka sha na ƙarshe.