Department Q ko Harry Bosch, wanne za ki fara?

'Yar uwa na ga tambayarki, kin ce kina son littattafan 'yan sanda masu tono tsofaffin kes ɗin da aka kasa warwarewa shekara da shekaru, an ba ki sunaye biyu, Department Q da Harry Bosch, kin rasa wanda za ki fara ɗauka. To a gajarce dai, in aikin binciken kansa kike son gani, yadda ake bin tsohon fayil takarda bayan takarda, Bosch ne naki. In kuma mutanen ofis ɗin ne da halayensu da ɗan raha da tashin hankali mai hana barci, sai ki tafi Q. Amma bari in faɗi dalili don kar ki ɗauka son kai ne kawai.

Department Q na wani marubuci ɗan Denmak ne, Jussi Adler-Olsen, na farko ya fito 2007, na goma 2023. Jarumin sunansa Carl Mørck, ɗan sanda ne a Kopenhagen mai kaifin ƙwaƙwalwa amma ba wanda ke son aiki da shi, ga baƙar magana ga lalaci. An taɓa buɗe musu wuta shi da abokan aikinsa biyu, ɗaya ya mutu, ɗayan mai suna Hardy ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, shi Carl ya tsira da rai amma abin na cin sa. Sai 'yan siyasa suka ware kuɗi a buɗe sashen duba tsofaffin kes, manyansa suka ga banza ta faɗi, suka tura shi can ɗakin ƙarƙashin ƙasa na hedikwata wai shi ne shugaban sashen, mafi yawan kuɗin kuma suka karkatar zuwa nasu sashen. Wato tun farko ba don a warware komai aka buɗe wajen ba, don a rabu da shi ne. Mutum ɗaya aka ba shi, Assad, wanda ya ce daga Siriya yake, aikinsa shara da dafa kofi, sai ga shi shi ne ke jawo fayil yana karantawa yana tunzura ogan nasa ya tashi daga barci. A littafi na biyu Rose ta shigo, ita ma da nata ciwon kan.

Bosch kuwa sunan ɗan sandan da ke cikin littattafan Michael Connelly ne, Ba'amurke, wanda kafin ya koma rubuta labari ɗan jarida ne mai ɗauko rahoton laifuka a jaridar Los Angeles Times, kuma wallahi ana gani a rubutun. Na farko The Black Echo 1992 ya fito. Amma ki lura da wannan don masu ba da shawara sukan manta su faɗa, ba duka littattafan Bosch ba ne na tsofaffin kes, na farko-farkon kisan yau-yau yake bincike. Sai a The Closers na 2005, bayan ya yi ritaya ya dawo, aka saka shi a sashen kes ɗin da ba a rufe ba na 'yan sandan Los Anjeles. Shi Bosch ɗin kansa yana da tabon abin, an kashe mahaifiyarsa a 1961 yana ɗan shekara 11 ba a kama kowa ba, a gidan marayu ya tashi, ya yi yaƙin Biyetnam, daga baya a The Last Coyote na 1995 ya je ya ɗauko fayil ɗin uwar tasa da kansa.

Inda suka rabu sosai a wajena shi ne abin da kowannensu ke nufi da tsohon kes. A Q sau da yawa kes ɗin a takarda ne kawai ya tsufa, a zahiri yana nan da ransa. Ɗauki na farko, wata 'yar majalisa Merete Lynggaard ta ɓace a jirgin ruwa shekara biyar da suka wuce, kowa ya ɗauka ta faɗa teku ta mutu, amma ke mai karatu tun shafukan farko kin san tana raye an kulle ta a wani ɗaki, ba tona miki asiri na yi ba haka littafin ya fara. Saboda haka babi ɗaya kina tare da Carl yana hamma a ofis, babi na gaba kina tare da ita cikin duhu, kina ji kamar ki shiga littafin ki girgiza shi. Na uku ma haka, wasiƙa ce da aka rubuta da jini aka saka a kwalba, ta faɗa hannun 'yan sanda a Sikotland ta yi shekaru a ajiye ba wanda ya buɗe, da ta iso Q sai aka gane wanda ya yi aika-aikar bai daina ba har yanzu. Kullum akwai wani da za a ceto kafin lokaci ya ƙure. Yana da daɗi, ba musu, sai dai dabara ce ta riƙe mai karatu, kuma in kin karanta uku a jere za ki fara hango ta daga nesa.

A Bosch wanda ya mutu ya mutu, babu wanda za a ceto a yawancin lokuta, abin da ya rage amsa ce kawai ga waɗanda aka bari. The Closers labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 da aka ɗauke daga ɗakinta a 1988 aka tsinci gawarta a kan tudu bayan gidansu, bayan shekara 17 gwajin DNA na jinin da aka samu a cikin bindigar ya nuna wani mutum. Daga nan aikin ya fara, kuma aiki ne mai cin rai, a nemo tsofaffin 'yan sandan da suka fara binciken waɗanda yanzu wasu sun zama manya ba sa son a taɓa, a nemo shaidun da suka watse, a je ɗakin ajiya a tarar wani abin ya yi ɓatan dabo. Abin da ya fi tsaya min shi ne iyayen. Uwar ta bar ɗakin yarinyar yadda yake shekara 17 ko matashi ba ta matsar ba, uban da yake da gidan abinci ya lalace ya koma kwana a titi. Wannan ɓangaren, abin da rashin amsa ke yi wa gida, Connelly ya fi iya shi nesa ba kusa ba. A The Burning Room na 2014 wani makaɗi ne aka harba ya rayu shekara goma da harsashi a ƙashin bayansa, sai da ya mutu aka ciro harsashin sannan aka samu shaidar farko, kin ga gawa sabuwa amma laifi tsoho. The Black Box na 2012 kuma ya koma tarzomar Los Anjeles ta 1992, kuma abin mamaki wadda aka kashe ɗin 'yar jarida ce daga Denmak.

Ba wai Q ba shi da nauyi ba ne fa. Na huɗu, Journal 64, ya taɓo abin da ya faru da gaske, tsibirin Sprogø inda daga 1923 zuwa 1961 hukumomin Denmak ke tsare matan da aka yi wa lakabin marasa kamun kai ko masu ƙarancin hankali, wasu aka yi musu aikin hana haihuwa. A ganina shi ne mafi ƙarfi a jerin. Kuma Q yana da abin da Bosch ba shi da shi kwata-kwata, wato dariya. Assad da dardumar sallarsa da shayinsa mai zaƙin tsiya da karin maganar raƙuma da yake jefa wa Carl, da farko za ki ɗauka an kawo shi ne don a yi nishaɗi da baƙo, wani lokacin ma raha ɗin takan yi yawa har ta gundure ni, amma a hankali za ki ga ba haka ba ne, mutumin ya san abubuwan da mai shara bai kamata ya sani ba, kuma sai a na takwas, Victim 2117 na 2019, aka buɗe ko shi wane ne. Bosch shi kaɗai yake tafiya, ba fara'a, daga sauraron kiɗan jaz sai rigima da manyansa, har ki riƙa cewa wannan bawan Allah ba ya gajiya da faɗa ne.

Sai gargaɗi, miyagun Q mugunta ce ta wuce misali, azabtarwa dalla-dalla, na ukun ma yara ne ake sacewa, in zuciyarki ba ta ɗaukar irin wannan ki sani tun yanzu. Na Bosch mutane ne na yau da kullum da suka yi ɓarna suka ci gaba da rayuwarsu, wanda ni ya fi ba ni tsoro.

Batun tsari kuma, Q dole a jere za ki bi shi, saboda harbin nan na farko da sirrin Assad da matsalar Rose zare ɗaya ne da aka ja har na goma. Ki kula da sunaye wajen saye don fassara ce daga yaren Denmak, Ingila da Amurka kowa da sunan da ya ba su, na farko Mercy ne a Ingila, The Keeper of Lost Causes a Amurka, na biyu Disgrace ko The Absent One, kar ki sayi abu ɗaya sau biyu. Bosch za ki iya faɗawa tsakiya ba abin da zai ɓace miki, ki fara da The Closers, ki bi da Echo Park na 2006, in ya kama ki sai ki ci gaba har Desert Star na 2022 inda wata 'yar sanda Renée Ballard ke riƙe da sashen shi kuma tsoho yana taya ta a matsayin ɗan sa kai. In kuma Dept. Q na Netflix na 2025 ne ya jawo ki, ki sani sun mayar da labarin Edinbara, Assad ya koma Akram, to littafin a Kopenhagen yake kuma ya fi fim ɗin raha.