Zaɓen filin keken gangara mai lif idan tawaga ta haɗa gwani da ɗan koyo

Yawancin filayen keken gangara wuraren zamiyar ƙanƙara ne da ke sauya sana'a idan ƙanƙara ta narke. Lif ɗin da ke kai masu zamiya saman dutse a hunturu shi ke ɗaukar mutum da kekensa a lokacin zafi, ya sauke shi a sama, shi kuma ya gangaro. Tunda babu wahalar hawa, mutum na iya saukowa sau takwas ko goma a yini ɗaya. Wahalar zaɓe tana zuwa ne idan tafiyar ta mutum huɗu ce ko shida, a ciki akwai mai tashi sama da keke kamar tsuntsu, akwai matsakaici, akwai kuma wanda bai taɓa sa hular kwano mai rufe haɓa ba. Shawararmu ita ce a auna fili da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni. Gwani ba ya rasa abin yi a kowane fili, amma ɗan koyo idan hanyar farko ta firgita shi, yininsa ya ƙare, kuma na sauran ma ya ƙare tare da nasa.

Hanyar da ta dace da irin wannan tawaga ita ce wadda masu harkar ke kira fulo, wato hanya mai kwarara. Da injin haƙa ake gina ta, a kwashe duwatsu da saiwoyi, a daddaɓe ƙasa. Kowace kwana ana yi mata bango mai jingina don taya ta samu abin dogara, tsakanin kwana da kwana kuma akwai tuddai a jere kamar kunyar gona, waɗanda idan ka iya danna keke a bayansu za ka samu gudu ba tare da taka feda ba. Kishiyarta ita ce hanyar da aka bari yadda Allah ya yi ta, da saiwoyi da duwatsu da gangara mai tsini. Amfanin fulo ga tawaga shi ne hanya ɗaya tana ɗaukar kowa: ɗan koyo ya bi tuddan a hankali tayoyinsa na ƙasa, gwani ya haɗa biyu ya tsallake.

Kada launin allo ya ruɗe ku. A Amurka da Kanada ana jera hanyoyi ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya: kore, shuɗi, baƙi, sai baƙi mai lu'ulu'u biyu. A Turai an sa ja tsakanin shuɗi da baƙi. A Niyuzilan lamba ake bi, daga 1 zuwa 6. Babu hukumar da ta daidaita waɗannan tsakanin fili da fili, kowane fili yana auna hanyoyinsa ne da junansu. Shuɗin wani dutse mai tsayi zai iya zama jan wani. Abin da ya fi launi faɗa muku gaskiya shi ne lissafi mai sauƙi: ku raba zurfin saukar da tsawon hanyar. Hanyar da ta sauka mita 400 cikin kilomita 6 ba ta kai kashi 7 cikin ɗari ba, ɗan koyo zai sake. Wadda ta sauka mita 400 ɗin nan cikin kilomita 2.5 ta kai kashi 16, hannunsa ba zai bar birki ba har ƙasa, ko wane launi aka shafa mata.

Sai tambayar tsalle, wadda ke kai mutane da yawa asibiti. Tsalle mai tebur an cike tsakiyarsa da ƙasa, wanda bai kai ba zai sauka a kan tebur ɗin ya wuce. Tsalle mai giɓi babu komai tsakanin wurin tashi da wurin sauka, wanda bai kai ba zai daki gefen tudu da tayar gaba. Ku tambayi fili kai tsaye: a shuɗayen hanyoyinku akwai abin da ba a iya bi taya na ƙasa? Idan akwai, an yi masa hanyar kewaye mai alama? Filin da ya kasa ba da amsa a sarari, ku wuce shi.

Abu na uku taswira ce ke nuna shi. Ku duba ko kore da shuɗi da baƙi duk daga bakin lif ɗaya suke tashi, kuma a gindin lif ɗaya suke ƙarewa. Idan haka ne, tawaga za ta hau tare, ta rabu a sama, ta haɗu a ƙasa bayan minti goma sha biyar. Idan kuwa hanyar masu koyo tana can wani gefen dutse da nata ƙaramin lif, to kun biya kuɗin tafiya tare amma kowa zai yini shi kaɗai.

A wannan ma'auni Whistler na lardin Biritish Kolombiya a Kanada, wanda aka buɗe a 1999, shi ne abin kwatance. Sashensa na ƙasa, Fitzsimmons, yana da EZ Does It ta masu koyo, da B-Line da Crank It Up masu launin shuɗi, da A-Line, baƙar hanyar tsalle da ta yi suna a duniya, kuma duk suna zubowa ne cikin gari a gindin lif. Taswirar filin ta raba hanyoyin kwarara da na saiwoyi da duwatsu, har ta jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, don haka mutum ya san matakin da ke gabansa. Aibinsa cunkoso. A tsakiyar lokacin zafi, musamman kwanakin bikin keke na Crankworx, layin lif yana tsawo, hanyoyi kuma suna cika da gargada. Sashen Garbanzo da ke sama ya fi tsawo da wuya, ba wurin kai sabon shiga ba ne a ranar farko.

Portes du Soleil, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, wani abu ne daban: garuruwa da yawa da lif ya sarƙe su, irin su Morzine da Les Gets da Châtel da Champéry. Faɗinsa shi ne daɗinsa, shi ne kuma haɗarinsa ga tawaga mai bambancin ƙarfi. Les Gets, wanda ya karɓi gasar duniya a 2004 da 2022, yana da hanyoyi masu sauƙi da matsakaita da za su riƙe ɗan koyo kwana biyu. Gangaren Pleney da ke kan Morzine ya fi tsini, Champéry kuwa tsininsa ya shahara har a tsakanin 'yan gasa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tsallakawa kwari biyu ko uku da rana, ɗan koyo ya gaji, lif na ƙarshe ya rufe, tawaga ta tsinci kanta a wata ƙasar ba mota. Kuma ba duk lif ɗin da ke haɗa garuruwan ke aiki ba sai daga wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Satumba. Wanda ya zaɓi nan, ya kama masauki a gari ɗaya ya zauna a kansa har sai kowa ya saba.

Ostiriya ta zuba ƙarfi sosai a kan dogayen hanyoyin kwarara. Ta Petzen, kusa da iyakar Sulobeniya, ta haura kilomita 10 a sauka ɗaya, Sölden da yankin Saalbach da Leogang su ma suna da irinsu. Doguwar hanya tana da daɗi, sai dai mutane na raina gajiyarta. Minti talatin na riƙe kan keke da matsa birki yana kumbura tsokar hannu har yatsu su ƙi lanƙwasa, kuma a nan ne ɗan koyo ke faɗuwa, a wuri mai sauƙi, kusa da ƙarshe. Idan za ku bi irin wannan, ku yanka ta gida huɗu ko biyar, ku tsaya a gefe inda na baya zai hango ku, ba a bayan tudu ko cikin kwana ba.

A Birtaniya, BikePark Wales da aka buɗe a 2013 kusa da Merthyr Tydfil ba shi da lif na igiya, motoci ne masu jan tirela ke kai mutane sama, kuma sai an kama gurbi tun kafin ranar. Saukarsa gajera ce, hanyoyinsa an jera su mataki-mataki, wannan kuwa alheri ne ga mai koyo. Fort William a Sukotlan yana da gandola, wato lif mai akwati rufaffe, amma sunansa ya fito ne daga hanyar gasa mai duwatsu, kuma iska mai ƙarfi na iya tsayar da gandolar. Trestle a jihar Kolorado ta Amurka yana da hanyoyin kwarara masu kyau, sai dai gindinsa ma ya kai kusan mita 2,700 sama da teku, wanda bai saba ba zai ji numfashi na yanke masa da ciwon kai a ranar farko. Wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Disamba da Maris, Queenstown a Niyuzilan ne ke buɗe lokacin da duwatsun arewa ke ƙarƙashin ƙanƙara.

Irin lif ɗin ma abin dubawa ne. Gandola, wato akwatin da ke rufe, ita ta fi sauƙi ga yara da masu tsoron tsayi. Lif mai kujera yana ɗaukar keke ko dai a kan tire da kake tura shi ciki, ko a ƙugiya da ake rataye taya. Rataye keke mai nauyin kilo 17 a ƙugiyar da ke tafiya ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ƙaramin jiki, keken lantarki kuwa yana haura kilo 22, wasu filayen ma ba sa ɗaukarsa. Lif mai jan mutum yana zaune a kan kekensa shi ya fi ba sabon shiga wuya.

Batun keke: na gangara zalla yana da shakazoba mai tafiyar milimita 200 gaba da baya, yana haɗiye gargada, yana yafe kuskure, amma nauyi ne da shi kuma ba ya son feda. Na enduro, wato mai iya hawa da gangara duka, mai milimita 160 zuwa 180, shi muka fi ba matsakaici da ɗan koyo shawara a hanyar kwarara, domin ya fi sauƙin juyawa kuma yana amsa dannawa a kan tuddai. Keke mai milimita 130 zuwa 150 zai yi kore da shuɗi, amma yini uku na lif zai ci masa abin da wata uku na tuƙin yau da kullum ba zai ci ba. Shi ya sa haya ta fi wa mai irin wannan keke, ko da ya zo da nasa. Wajen karɓar na haya kada ku yarda a miƙo muku kawai. A daidaita shakazoba da nauyin mahayi sanye da kayansa: na baya ya nutse kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari idan mahayin ya tsaya a kan feda, na gaba kashi 15 zuwa 20. Idan na baya yana dawowa da sauri fiye da kima, zai harba mutum ta kan keke a bakin tsalle. Iskar taya ga mai matsakaicin nauyi tana kaiwa fam 23 zuwa 25 (psi a ma'aunin famfo) a gaba, 26 zuwa 28 a baya. Ƙasa da haka taya na lanƙwashewa a bangon kwana, sama da haka tana santsi a kan tsakuwa. Sannan ku matsa kowane hannun birki ku ga wace taya ya kama, domin a Birtaniya da Ostireliya da Niyuzilan birkin gaba yana dama, a Amurka da Kanada da yawancin Turai yana hagu. Shagon haya zai sauya muku idan kun nema.

Birki shi ne abin da ya fi mutuwa a hannun ɗan koyo, saboda yana jan sa ne tun daga sama har ƙasa. Zafi yana taruwa, takalmin birki ya yi ƙyalli ya daina kamawa, man da ke cikin tiyo ya tafasa, hannun birki ya tafi har jikin roba ba tare da keke ya rage gudu ba. Ku nemi birki mai fistin huɗu da faifai na milimita 200 ko 203, da takalmi na ƙarfe maimakon na roba-roba, don shi ke jure zafi da laka. Mai zuwa da kekensa ya riƙo takalmi na ajiya biyu, ya duba kauri kowace yamma, idan abin da ya rage bai kai milimita 1 ba ya sauya. Kada a haɗa man birki: na Shimano da Magura man ma'adini ne, da yawa daga na SRAM kuma wani mai daban da ake kira DOT suke sha, zuba wani a wurin wani yana lalata robobin ciki. Ɗan koyo kuma a koya masa ya matsa da ƙarfi a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, ya saki a cikinta. Wannan jan birki a bakin kwana shi ke haƙa gargadar da kowa ke kuka da ita, shi ya sa hanya ta fi laushi a farkon buɗe fili na shekara ko bayan an gyara ta.

Hular kwano mai rufe haɓa, da kariyar gwiwa, da safar hannu, da tabarau, waɗannan na kowa ne har da mai bin kore. Hular da aka gwada don gangara tana ɗauke da alamar ASTM F1952. Ku karanta takardar inshorarku da kyau, domin da yawa sun cire keken gangara daga abin da suke biya, kuma a tsaunukan Alps sau da yawa da jirgi mai saukar ungulu ake ɗauko wanda ya ji rauni.

A tikiti, gwani ya sayi na yini ko na kwanaki. Ɗan koyo a ranar farko sauka huɗu ko biyar ta ishe shi, don haka tikitin rabin yini ko na ƙidayar hawa ya fi masa, rarar kuɗin a biya masa darasin awa biyu ko uku wurin malamin filin. Aboki gwani ba kasafai yake iya koyarwa ba, yakan ce "biyo ni kawai", na baya kuma ya shiga gudun da ba nasa ba. Kowace sabuwar hanya, har ga gwanin, a fara bin ta a hankali don a ga abin da ke cikinta, a sake bi don a riƙe ta, a na uku ne ake sakin birki. A saukar da kuke tare, mai sauri ya wuce gaba ya jira a mahaɗar da aka ambata da suna tun a sama, mutum ɗaya mai ƙwarewa kuma ya tsaya a bayan ɗan koyo da tazarar tsawon keke goma, ɗauke da famfo da tiyub da lambar masu ceto ta filin a wayarsa.