Shata, Sienna ko motar layi: wacce za ka hau daga Gumel zuwa Kano?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta tsallake 1,000 a shekarar 2024. Kowace mota ta ƙara kuɗi, amma ƙorafin da aka fi ji a tasha yanzu na manyan motocin nan ne masu sanyi. Sai ka ji an ce: “Haba direba, Makka za ka kai ni?” To, kafin ka zaro kuɗinka, ka san abin da kake saye.

Motar layi, Golf ko Sharon, ita ce ta kowa da kowa. A Golf, huɗu a baya, biyu a gaba, buhun gero a but, wani lokacin har da akuya. Ita ta fi araha, amma da lokacinka kake cike gibin: ba ta tashi sai ta cika, kuma idan ɗan kamasho ya ce maka saura mutum ɗaya, duba da kyau, wataƙila biyu daga cikin na zaunen 'yan tasha ne. Ga tsaye-tsaye a hanya kafin a kai tashar 'Yankaba da ke Kano.

Sienna ta fi tsada saboda dalilin da bai ɓuya ba: ba a cusa mutane, injinta babba ne mai shan mai, na'urar sanyaya mota kuma ƙarin mai ce. Kujerun da aka rage, ku da kuka zauna ku za ku biya su. Wannan ban ga laifinsa ba. Abin da ke ƙona rai shi ne a karɓi kuɗin sanyi, ana wuce gari direba ya sauke gilashi ya ce gas ɗin ya ƙare, can gaba kuma ya tsinci fasinjan hanya ya matse ku. Ya faru da ni, da azumi a bakina. Saboda haka tun a tasha, gaban ɗan yuniyon, ka tambaya: mutum nawa a kowane layi, za a kunna sanyin, za a ɗauki na hanya? Idan ya fara kame-kame, Golf ce mai kuɗin Sienna.

Shata kuwa lissafinta daban. Kuɗin kujeru duka za ka biya, idan ƙauyenku ya yi nisa da titi a ɗora maka na shiga burji, sannan direba ya saka man dawowarsa fanko. Ba ta da laifi idan da mara lafiya za a kai asibitin Malam Aminu Kano, ko Hajiya tsohuwa wadda ba ta iya sauyin mota, ko 'yan kai amarya da suka yi karo-karo. Amma namiji ɗaya lafiyayye da 'yar jakarsa? Almubazzaranci ne. Kar ma ka sa rai da motocin da ake kira ta waya irin Bolt, harkarsu a birni take.

Ni dai abin da nake yi, in hau acaɓa daga ƙauye zuwa tasha da asuba, in biya kuɗin mutum biyu na gaban Golf. Ƙafata a miƙe, motar ta cika da wuri, kuma bai kai shata ko kusa ba. Sai dai ka tuna tun 2013 an hana goyo a babur cikin birnin Kano, don haka ka ware kuɗin Adaidaita Sahu daga 'Yankaba, shi ma ba na da ba ne.

In kuma shatar ta zama dole, kauce wa Alhamis. Ranar kasuwar Maigatari ce, direbobi suna da lodi, ba mai sauraron tayinka. Nemi direban Kano da ya kawo mutane yake shirin komawa ba kowa, ku gama ciniki kafin ka sa kaya a but, rabin kuɗi a hannu, rabi sai an sauka.