Fizge SSD ko yi masa Eject: ina bambancin yake?

Malam, ka ce kana ɗaukar bidiyon biki, ka zuba a SSD na waje (na'urar ajiye fayiloli da ake jonawa ta USB) daga laftop ɗinka mai Windows, sannan ka kai wa editanka a Barnawa, shi kuma da Mac yake aiki. Wani abokinka ya ce tunda SSD ba shi da faifai mai juyawa, zare waya kawai ake yi, ba sai an danna Eject ba, wato umarnin da ake ba kwamfuta ta saki na'urar kafin a cire. Kana tambaya ko haka ne.

Abokin naka ya faɗi rabin gaskiya. Tsohon had-dis yana da faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga allura tana shawagi a kansa, shi ya sa ba ya son girgiza ko faɗuwa. SSD kuwa ya faɗo daga tebur, galibi ko a jikinsa. Sai dai ba don faifan aka ƙirƙiro Eject ba. Don rubutun da bai gama sauka ba ne, kuma a nan su biyun duk kanwar ja ce.

Ka ga yadda mai shago a Kasuwar Barci yake yi idan ciniki ya kankama? Bashi a guntayen takardu yake rubutawa, sai ya samu sarari ya shigar babban littafi. Kwamfuta ma haka take: takan riƙe wani kaso na abin da ka kwafa a RAM, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, ta nuna maka an gama, alhali tana kan turawa. Shi kansa SSD ɗin yana da nasa guntayen takardun. Akwai taswirar da ke nuna masa inda kowane gutsuren fayil yake, kullum cikin sabunta ta yake, ga share-share da jere-jeren da yake yi a ɓoye ko ba ka taɓa shi ba. Wutarsa kuma duk ta wayar USB take zuwa, kana zarewa ta yanke. Danna Eject tamkar ce musu ne: ku shigar da komai littafi, za a rufe shago.

To, Windows da Mac ba hali ɗaya suke da shi ba. Tun daga Windows 10 sigar 1809, Microsoft ta mayar da "Quick removal" ya zama tsarin da ake samu kai tsaye, wato Windows ba ta riƙe rubutu a hannunta, tana miƙawa nan take. Idan kwafi ya ƙare, babu abin da ke buɗe, zarewa ba ta cika yin ɓarna ba. Ɗaya tsarin, "Better performance", ya fi sauri amma Eject ya zama dole. Inda gizo ke saƙa shi ne, wasu SSD na waje Windows kan ɗauke su kamar na cikin kwamfuta, sai ta riƙa riƙe musu rubutu. Don haka kar ka yi zato, ka duba: Device Manager, Disk drives, danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan SSD ɗin naka, Properties, sai Policies. Minti ɗaya ya isa.

Mac ba ta ba ka wannan zaɓin. Ko dai a danna alamar cirewa a Finder (wurin duba fayiloli na Mac), ko Command da E, ko a ja shi zuwa kwandon shara. Aka fizge, sai ta yi ƙorafin "Disk Not Ejected Properly". Editoci da yawa sun mayar da wannan saƙon kamar ƙarar janareton maƙwabta, sun daina ji. Ka ja kunnen editan naka.

Amma abin da ya fi damuna da lamarinka shi ne tsarin da aka yi wa SSD ɗin fomat. Mac tana karanta NTFS, tsarin Windows, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja, Windows kuma ba ta gane APFS na Apple. Kenan SSD mai yawo tsakanin biyun kusan kullum exFAT ne, tsarin da dukansu ke karantawa su kuma rubuta a kansa. NTFS yana da ɗan kundin da yake rubuta "zan yi kaza" kafin ya yi, in wuta ta yanke ya san inda zai gyara. exFAT ba shi da wannan kundin. Idan aka katse shi yana tsakiyar gyara jerin sunayen fayiloli, folda guda na iya ɓacewa.

Na gani da idona a wani shago a Tudun Wada. Yaro ya gama kwafar bidiyon kamu da na walima, mai babur na jiransa a waje yana ta hon, ya fizge ya sa aljihu. Washegari aka jona, sai Windows ta ce sai an yi fomat kafin a buɗe. Zufa ta karyo masa, ga dangin amarya suna ta kira. Allah ya taimake shi bai goge katin kyamarar ba. In ka taɓa ganin wannan saƙon, kada ka kuskura ka danna fomat. A fara ceto fayilolin tukuna. Kuma kada ka goge kati sai aikin ya zauna a wuri biyu.

Wani lokaci za ka danna Eject ta ƙi, ta ce ana amfani da shi. Yawanci manhajar tace bidiyo ce ba a rufe ba, ko foldar na buɗe, ko anti-bairos na bincike. Rufe su ka sake gwadawa. In ta kafe, kashe kwamfutar gaba ɗaya, sannan ka zare.

Ɗauke wuta ma fizgewa ce, in kwamfutar tebur ce marar UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta tafi. Laftop batirinta ya rufa maka asiri. Haka waya mai sakwa-sakwa da ke yankewa da an motsa tebur, canza ta kawai.

Ni dai a naka, Malam, tunda da alama exFAT ne kuma yana shiga Mac, Eject kowane lokaci. Ka jira Windows ta ce "Safe to remove hardware", in yana da 'yar fitila ka bari ta daina ƙyaftawa, sannan ka zare.