DaVinci Resolve na kyauta: ya isa a haɗa fim irin na zamanin da ba a magana?

Tun da The Artist na Michel Hazanavicius ya kwashe kyautar Oscar 5 a 2012, salon finafinan baƙi da fari marasa magana ya sake jan hankalin mutane. Ga mai tace bidiyo a Kaduna da ke son gwada shi a gajeren fim ko bidiyon kamu, tambayar ita ce ko manhajar DaVinci Resolve ta kyauta, ta kamfanin Blackmagic Design, za ta iya. Za ta iya, amma ba da danna maɓalli ɗaya ba.

A fara da siffar allo. Finafinan wancan zamani kusan murabba'i ne, 1.33:1. A saita aikin kan 1440 da 1080, ko a zaɓi 1.33 a Output Blanking, saitin da ke rufe gefunan allo da baƙi. Adadin hotuna a daƙiƙa kuwa a tsayar da shi kafin a shigo da bidiyo ko ɗaya, domin da zarar an shigo manhajar ta kulle shi.

Saurin tafiyar mutane da ake gani a tsofaffin finafinai ya samo asali ne daga ɗauka a kusan hotuna 16 zuwa 18 a daƙiƙa, sannan a haska da sauri fiye da haka. The Artist an ɗauke shi a 22, a haska a 24. Don haka bidiyon da aka ɗauka a 24, a kai gudunsa kashi 109 cikin ɗari ya wadatar. Wanda ya kai 150, amarya za ta koma 'yar wasan barkwanci.

Inda manhajar ta fi burgewa shi ne cire launi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Yawanci sai a ja Saturation, wato ƙarfin launi, zuwa sifili a ce an gama, fuskoki su fito toka-toka. Maimakon haka, a shiga RGB Mixer, inda ake daidaita ja, kore da shuɗi, a kunna Monochrome, wato baƙi da fari. Yana zuwa da ja 0.21, kore 0.71, shuɗi 0.07. Tsohon fim ba ya ganin ja, shi ya sa leɓe da jar hula suke fitowa baƙi ƙirin a cikinsa. Kwaikwayon wannan a kan fatarmu asara ce, don hasken baƙar fata yana cikin ja ne; ka rage shi, ango ya zama idanu da haƙora a saman farar shadda. A ɗaga ja zuwa wajen 0.50, kore 0.40, a bar shuɗi ƙasa saboda shi ke kwaso dusar hoto a bidiyon waya. Sai dai a lura, jan lalle da dara za su koɗe. A hoton hannun amarya na kusa, a mayar da ja ƙasa don zanen ya fito.

Da'irar nan da ke rufewa a kan fuska ana yin ta da zagayayyiyar Power Window, wato taga mai keɓe wani ɓangaren hoto, da Keyframe biyu, alamun farko da ƙarshen motsin. Aikin minti biyar.

Allon rubutu da ke maye gurbin magana ana yin sa da Text+, kayan rubutu na manhajar. Matsalar ita ce yawancin haruffan ado ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar "ƙauna". Salon haruffa na Noto Serif yana da su duka. Layi biyu ya isa, a bar shi har a iya karantawa sau biyu.

Aibin ta kyautar: Film Grain na shafin launi, mai saka ɗige-ɗigen tsohon fim, da mai rage dusar hoto na Studio ne, wato manhajar da ake saya, mai dala 295, a ta kyauta tambari zai hau kan hotonka. Akwai wani Film Grain a shafin Fusion, ɓangaren dabarun hoto na manhajar, amma yana cin kwamfuta. Kamfanin yana neman RAM mai GB 16 a Windows, 32 idan da Fusion, don haka kwamfutar hannu mai 8 za ta riƙa sarƙewa sai da Proxy, wato kwafin bidiyon mara nauyi. Bidiyon waya kuma adadin hotunansa a daƙiƙa ba tsayayye ba ne, a bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, tukuna. A kunna Live Save, mai ajiye aiki nan take, saboda ɗaukewar wuta.

Ga mai kwamfuta mai ƙarfi, ta kyautar ta isa wannan salo. Mai aiki da waya kaɗai ya nemi wata.