Kantin Littattafai na Titin Gidan Zoo da Tarihin Akbar Ganji

Wani ƙaramin kantin littattafai da ke Titin Gidan Zoo a Kano ya cancanci yabo, domin mai neman tarihin Akbar Ganji zai samu biyan buƙata a can. Ganji ɗan jaridar Iran ne da ya bankaɗo hannun jami'an leƙen asirin ƙasarsa a kisan marubuta da 'yan adawa na 1998, aka tsare shi a kurkukun Evin daga 2000 zuwa 2006, inda ya yi dogon yajin cin abinci a 2005. Mai kantin ya san hajarsa, kuma yana barin mutum ya duba kafin ya saya. Sai dai farashin ya fi ƙarfin ɗalibi, kuma babu littafi ko ɗaya da Hausa.